Tsadar Waya Ko Ruɗin Kunne?

A shekarar 1904 John Ambrose Fleming na Ingila ya ƙirƙiro bawul, wato ƙwan gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa domin sarrafa lantarki. Bayan shekara biyu Lee de Forest na Amurka ya inganta shi, har ya zama ana iya ƙara ƙarfin sauti da shi. Ko da yake taransisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947, ya maye gurbinsa, har yau akwai masu sauraron kiɗa ta lasifikar kunne da amfilifaya mai bawul. Wasunsu kan kashe kuɗi masu yawa wajen sauya kafasitoci da wayoyi domin neman daɗin amo. Shin wane sauyi ne ke biyan buƙata, wane ne kuma asara?

Aikin Kafasita

Kafasita ma'ajiyar caji ce. A yawancin amfilifayoyin da ba su da taransifoma a mafitarsu, ita ke tsare lasifikar kunne daga lantarki mai ƙarfi, ta bar sauti ya wuce. Sai dai idan ta yi ƙanƙanta takan rage amo mai kauri, irin na babbar ganga. Kunnen matashi na jin girgizar iska daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Kafasita mai mikrofarad 100, idan aka haɗa ta da lasifika mai turjiyar om 32, tana raunana amon da ke ƙasa da girgiza 50. Idan aka sa mai 470, iyakar kan sauko zuwa wajen 11, inda kunne ba ya kaiwa. Haka kuma kafasita mai ruwan sinadari kan bushe saboda tsufa da zafin bawul. Sauya ta gyara ne da awo ke tabbatarwa.

Batun Waya

Azurfa ta fi jan ƙarfe kai lantarki da kimanin kashi 6 cikin ɗari kacal. Turjiyar wayar jan ƙarfe mai kyau, mai tsawon mita biyu, ba ta kai om ɗaya ba. Saboda haka, muddin wayar ba ta tsinke ba, bakinta kuma bai yi tsatsa ba, ɗan bambancin da azurfa za ta kawo ya yi wa kunne ƙanƙanta.

To, me ya sa mai sabuwar waya kan rantse cewa amo ya sauya? Amsar tana cikin ƙwaƙwalwa. Hausawa kan ce gani ya kori ji. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald sun nuna cewa idan mutum ya ji "ba" alhali yana kallon leɓɓan da ke furta "ga", sau da yawa "da" zai ji. Wanda ya san abin da ya biya ya riga ya shirya wa kansa jin daɗi. Bugu da ƙari, idan aka ɗan ƙara ƙarfin sauti, kunne kan ɗauka inganci ne ya ƙaru.

Gwajin Da Ɗalibai Za Su Iya

A daidaita ƙarfin sauti, a ɓoye wayoyin biyu. Wani ɗalibi ya jefa kwabo ya zaɓi wadda zai haɗa, ba tare da ya yi magana ba. Mai sauraro ya faɗi wadda yake ji, har sau 16. Idan ya dace sau 12 ko fiye, akwai alamar bambanci, domin damar samun haka ta hanyar canki ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba.

Gargaɗi

Cikin amfilifaya mai bawul akwai lantarkin da kan wuce bolt 200, kuma kafasita na iya riƙe shi bayan an cire filogi. Yana iya kisa, don haka sai ƙwararren mai gyara ne zai buɗe ta.

Akwai kuma abin da ya fi na'urar daraja. A can cikin kunne, a wani sashe mai nannaɗe kamar katantanwa, akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, waɗanda ke mayar da girgiza saƙon jijiya. Ƙara mai tsanani na kashe su, ba sa kuma sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya da kada su wuce awa 40 a mako a kan desibel 80. Kafasita da waya ana samunsu a kasuwa, amma ba a sayar da waɗannan ƙwayoyi.