Mai Shayi da Tukunyar Indomi a Wudil

Da an idar da sallar Isha'i a Wudil, sai gari ya koma hannun masu shayi. Daga bakin gada zuwa tasha, har wajejen Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, fitila na haska gwangwanayen madara da kiret ɗin ƙwai da tulin burodi. A gefe kuma ga katan-katan na indomi, wadda a teburi da yawa ta kere shayin kansa jawo ciniki.

Wannan taliya ta sha tafiya kafin ta iso bakin kogin Wudil. Asalinta abincin mutanen Sin ne, 'yan ci-raninsu suka kai ta garuruwan gaɓar teku na Japan irin su Yokohama. A 1910 aka buɗe gidan abinci na Rairaiken a unguwar Asakusa ta Tokiyo, masu girki 'yan Sin, masu ci Japanawa. Mutanen ƙasar suka gyara romon daidai da harshensu, abincin ya zama ramen, wanda yau ake bin dogon layi a ci a wurin gwanaye. A 1958 Momofuku Ando, a garin Ikeda kusa da Osaka, ya gano cewa idan aka turara taliya aka tsoma ta a tafasasshen mai, ruwan jikinta zai fice ya bar ƙananan ƙofofi, ta yadda duk ranar da ta haɗu da ruwan zafi za ta nuna cikin mintoci kaɗan. Indonesiya ta ɗauki dabarar ta fito da Indomie a 1972, kuma a tsakiyar shekarun 1990 aka fara yin ta a Ota ta Jihar Ogun. Da ta zo Arewa ba ta sha wuyar samun masauki ba, domin Bahaushe ya daɗe da sanin taliyar murji da manja da yaji.

To amma ledar kamfani ɗaya ce a kowane tebur. Abin da ke sa wani benci ya cika, wani ya zauna wayam, hannun mai dafawa ne. Ka tsaya kusa da gwani ka kalla. Ruwa yake fara aunawa, da ido, ɗan kaɗan wanda bai gama rufe taliyar ba. Kafin ya tafasa ya yanka albasa a tafin hannu, ya watsa jajjagen attaruhu da tattasai, ya karya taliyar biyu ya jefa. Ba ya yawan juya ta, don kada ta caɓe. Yana ɗaga silin farko da cokali mai yatsu ya san saura minti nawa. A ɗaya wutar kuma ƙwai na kumbura a kasko, gefensa ya yi ja, tsakiyarsa da sauran laushi. Ya sauke su kusan tare, domin indomin da ta jira ƙwai ta riga ta saki jiki.

"Maigida, mai romo ko busasshiya?" in ji shi ga direban tirela.

"Busasshiya, ka cika yaji. Ƙwai biyu."

Ɗalibi kuwa ba sai ya yi magana ba, an san nasa: guda ɗaya, ƙwai ɗaya, sauran kuɗin sai an turo daga gida. Riƙe bakin mutum ashirin a ka, da sanin wa za a ba bashi wa za a ba haƙuri, rabin sana'ar ke nan. Shi ya sa yaron shago kan daɗe yana wanke kofi da ɗebo ruwa kafin a bar shi ya taɓa tukunya.

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, tun daren Alhamis ba a runtsawa. Fatake da dillalan kara da direbobin da za su yi Kudu da shanu duk nan suke karyawa. Sai dai ciniki daban, riba daban. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin dako ya hau kan katan da ƙwai da gas, shi kuwa mai shayi bai isa ya ƙara farashi yadda ya ga dama ba, domin masu zama a bencinsa maƙwabtansa ne. Mutumin da ke tsaye gaban wuta har tsakar dare yana ciyar da matafiyi da gwauro da ɗalibi ya cancanci a girmama shi fiye da yadda muke yi.

Abu uku ne ke damuna. Wasu na juye indomi da zafinta cikin farar leda, wasu kuma na wanke faranti a ruwa ɗaya tun magariba. Ga gishirin da ke cikin sinadarin ledar, wanda wasu ke ƙara wa dunƙule, alhali masu hawan jini na cikin masu ci. 'Yan uwa masu shayi na Wudil, ku riƙa sauya ruwan wanki, ku tanadi mazubi mai murfi, ku tambayi dattijo kafin ku juye masa sinadarin duka. Mu kuma masu ci, wanda ya san sunansa na cikin littafin bashi ya je ya biya.