In kunne ya ji, inji ya tsira

Tsakanin Maraɗi da Damagaram akwai tafiyar kilomita kusan 240 bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Duk wanda ya bi wannan hanya a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin rana yake wuce digiri 40, da wuya ya rasa ganin mota ƙirar Hiace tsaye gefen kwalta, an jera rassan itace a bayanta, fasinjoji sun watsu neman inuwa, direba da yaronsa sun ɗaga kujerar gaba suna leƙen inji. A cikin fasinjojin akwai mai son cin kasuwar Tasawa, akwai mai kai maras lafiya likita, akwai ma'aikacin da ake jira wurin aiki. Idan aka tambayi dalili, amsar ba ta wuce guda: inji ya buga.

To amma inji ba ya bugawa sai ya yi gargaɗi. Yana yin gargaɗin ta hanya 2: ta ƙara, da kuma ta jar fitilar nan mai siffar buta da ke kan tablo. Wanda ya iya fassara waɗannan alamu biyu yana tsirar da dukiyarsa da lokacin mutanen da ya ɗauko.

Motar da ta tsufa tana aiki

Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hiace a shekarar 1967. Samfurin da ya fito a 1989 shi ne ya cika tashoshin Yamai, Ƙonni, Tawa, Maraɗi da Damagaram, kuma da yawansu sun iso Nijar ne bayan sun gama wani aikin a Turai. Masu shan gazuwal daga cikinsu suna ɗauke da inji mai silinda 4, wanda ake kira 2L, 3L ko 5L. Injuna ne masu juriya, amma ƙurar hunturu, zafin bazara da lodi fiye da ƙima suna cin su a hankali. Saboda haka tsohuwar mota ta fi sabuwa bukatar kunnen direba.

Aikin mai a cikin inji

A ƙasan inji akwai tukunyar da mai yake kwanciya, wadda makanikai ke kira kartar. Famfon mai yana tsotso shi ta cikin wata rariya, ya tura shi cikin filtar, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa ko'ina. Babban sandan ƙarfen da ke juyawa, wato bilbireke, yana kwance ne bisa wasu ɓawo-ɓawon ƙarfe masu laushi da ake kira kusine. Tsakaninsu akwai tazarar da ba ta wuce kaurin gashin kai guda ba, kuma mai ne ke cika ta. Muddin man yana nan da ƙarfinsa, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe.

Nan akwai abin lura. Aikin famfo shi ne tura mai. Ƙarfin da man ke samu kuwa yana zuwa ne daga matsin hanyar da yake bi. Mai ban ruwa a garka ya san haka: in ya danne bakin tiyo da yatsa ruwa ya yi tsartuwa, in ya saki ya zubo a sanyaye. Haka nan idan kusine suka cinye, tazara ta buɗe, mai ya riƙa zurarewa, ƙarfinsa ya faɗi ko da famfo lafiya lau yake. Shi ya sa ƙarar inji da raunin mai sukan zo tare.

Kowace ƙara da gidanta

Makanikin kirki ba ya kwance inji kafin ya saurare shi. Yakan ɗauki dogon turnabis, ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kara kunne ga ƙotar, yana matsawa daga sama zuwa ƙasa, tare da kiyaye hannunsa da rigarsa daga fanka da bel. Tambayoyin da yake neman amsarsu 3 ne: daga ina ƙarar take fitowa, da sanyi take yi ko da zafi, kuma tana ƙaruwa in an taka totur ko an hau tudu?

Ƙara ta farko ita ce ƙyas-ƙyas maras nauyi daga saman inji, kamar ta keken ɗinki. Yawanci sufaf ne tazararsu ta yi yawa. Ana gane ta da cewa saurinta rabin saurin inji ne, domin sandan da ke buɗe sufaf yana juyi 1 ne duk lokacin da bilbireke ya yi 2. Wannan ba ta hana a kai fasinja inda za su, amma tana son gyara. Sai dai in ta ɓullo farat ɗaya a injin da ba ya yin ta, to a duba mai nan take, don saman inji shi ne wurin da mai ke isa daga ƙarshe.

Ta biyu ita ce ƙara mai amon fanko da ake ji da safe, wadda ke raguwa idan inji ya ɗauki zafi. Piston ne ya yi sako-sako cikin silinda. In ya yi zafi ya kumbura sai ya yi shiru. Alamar tsufa ce, kuma inji yana iya daɗewa da ita.

Ta uku ita ce mai haɗari: ƙwanƙwasa mai kaifi daga tsakiyar inji, kamar ana buga guduma kan maƙera, wadda ke ƙaruwa idan mai ya yi zafi ya tsinke. Wannan kusinen biyel ne, wato hannun da ya haɗa piston da bilbireke. Makaniki yakan tabbatar da ita ta hanyar hana silinda aiki ɗaya bayan ɗaya: a injin gazuwal ya sassauta bututun anjekta, a na esansi ya cire wayar buji. Silindar da ƙara ta ragu a kanta ita ce mai ciwon. Wannan gwaji ba na yaron mota ba ne, domin gazuwal ɗin da ke cikin bututun yana da ƙarfin huda fata.

Ta huɗu ita ce dum-dum mai nauyi daga can ƙasa, wadda ake ji sosai in mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Manyan kusinen da ke riƙe da bilbireke ne suka gaji.

Akwai kuma ƙarar da ke tsorata mutum alhali ba daga cikin inji take ba. Anjektan da ya lalace yana sa injin gazuwal ƙwanƙwasa tare da hayaƙi, amma ƙarfin mai yana nan daidai. Bel mai sako-sako yana kuka. Famfon ruwa da altarnata suna gurnani idan ƙwallayensu sun cinye. Bututun hayaƙi da ya tsage kusa da kulas yana kwaikwayon ƙarar sufaf. Mai mota da yawa sun biya kuɗin sauke inji a kan cutar da ba ta wuce canjin bel ba.

Idan jar fitila ta kama

Ya kamata kowane direba ya san cewa fitilar mai ba ta faɗin yawan man da ya rage. Abin da take faɗi shi ne ƙarfin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai, har ya kusa ƙarewa. Saboda haka in ta kama ana cikin tafiya, magani guda ne: a sauka gefen hanya, a kashe inji. Cewa bari a lallaɓa zuwa gari na gaba shi ne ke mai da ƙaramin gyara babba, domin mintoci kaɗan sun isa kusine ya narke ya manne da bilbireke.

Bayan an tsaya, bincike yana da tsari, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Da fari a bar mai ya kwanta, a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. In mai ya yi ƙasa, a ƙara, sa'an nan a nemi inda yake bi: ƙasan mota, gindin filtar, da ƙananan tiyo da ke kai mai bayan altarnata a injin gazuwal, ko kuwa shuɗin hayaƙi mai nuna inji yana ƙona shi. Na biyu a dubi man kansa. In ya yi ruwa-ruwa yana warin gazuwal, kuma ya haura alamar cika ba tare da an ƙara ba, gazuwal ne ke sauka cikinsa. In ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ne ya shiga, sau da yawa ta juwan kulas.

Idan mai yana nan cikakke kuma lafiyayye, sai a je ga awo. Makaniki yakan cire ƴar na'urar da ke kunna fitilar, ya ɗaura agogon awo a gurbinta, ya bar inji ya yi zafi sosai. Ga waɗannan injunan gazuwal, ƙa'idar kamfani ita ce kada ƙarfin ya gaza bar 0,3 idan inji yana aiki a tsaye ba a taka shi ba, kuma ya kai wajen bar 3 ko fiye a juyi 3.000 cikin minti. In agogo ya nuna daidai, to na'urar ce ko wayarta ta lalace, abin ƴan kuɗi kaɗan. In ƙarfin ya faɗi da zafi a tsaye amma ya tashi da an taka, kusine ko famfo sun cinye. In ya ƙi tashi ko kaɗan, a sauke kartar a dubi rariya, domin dattin tsohon mai da guntayen gam da ake shafawa barkatai suna toshe ta. A kuma dubi ƙofar da ke rage ƙarfin mai in ya yi yawa, wadda takan maƙale a buɗe.

Shaida ta ƙarshe tana cikin tsohon man da aka juye. A tare shi a mazubi mai tsabta, a kai shi rana, a kuma yanka filtar a buɗe takardarta. In an ga ƙyalli mai launin jan ƙarfe, kusine ne ke zuba. Daga nan babu sauran gardama: sai a sauke inji, a auna bilbireke, in ya yi zane a kai shi a sassaƙe shi da milimita 0,25 ko 0,50, a sa kusine daidai da sabon awon, a wanke duk hanyoyin mai kafin a haɗa.

Dabarun da ke kashe inji

Akwai al'adu 3 da ake gani a tashoshi waɗanda ya kamata a bari. Ta farko ita ce cire ƙwan fitilar ko tsinke wayarta don kada mai mota ko mai saye ya gani. Wannan daidai yake da toshe bakin maras lafiya don kada a ji nishinsa. Ta biyu ita ce zuba mai mai kauri ƙwarai, har da man giya, don a danne ƙara. Ƙarar takan ragu kwana kaɗan, amma da safe man ba ya isa saman inji da wuri. Lambobin da ke jikin galan, kamar 15W-40 ko 20W-50, suna da ma'ana: ta farko tana nuna gudun mai da sanyi, ta biyu kaurinsa da zafi. Ta uku ita ce sayen man da ba a san asalinsa ba a kwalabe, da filtar ta jabu. Araha ba ta ado.

Abin da ke tsawaita ran inji sananne ne: juye, wato bidanji, kowane kilomita 5.000 ga injin gazuwal mai aiki cikin ƙura, tare da kula da filtar mai. Tsabtace filtar iska, domin yashin da ya wuce ta shi ne ke goge silinda. Duba mai da ruwa kowace safiya kafin a tayar. Da barin inji ya yi ɗan aiki a tsaye kafin a taka shi.

Hakkin mai mota da na shugaban ma'aikata

Sau da yawa direba yana jin ƙarar amma ya yi shiru, don tsoron kada a ce shi ya ɓata mota, ko kada kuɗin ranar ya tsere masa. Mai motar da ke faɗa duk lokacin da aka kawo masa labarin gyara, shi ke koya wa direbansa ɓoyo. Haka abin yake ga motocin ma'aikatu da na ɗaukar marasa lafiya a ƙauyuka. Shugaban da ya ajiye littafi a cikin mota, ana rubuta ranar juye, da kilomita, da yawan man da aka ƙara, zai ga ciwon inji tun yana tasowa. Motar da ta fara shan lita 1 inda da take shan rabi ta riga ta faɗi abin da ke damunta.

Nijar ƙasa ce mai faɗi, kuma yawancin mutanenta da kayansu bisa hanyar mota suke tafiya. Kowane inji da aka ceta, kuɗi ne da ba su fita waje sayen wani ba, kuma iyali ne da abincinsu bai yanke ba. Direban da ya rage rediyo ya saurari motarsa minti 2 kowace safiya, ya kuma tsaya ranar da jar fitila ta kama, ya sauke nauyin da ke kansa.