Gwamna Daban, Majalisa Daban: Darasin Zaɓen 1979 a Jihar Kaduna

Sau da yawa akan ɗauka cewa da zarar an jefa ƙuri'a an ƙidaya, to magana ta ƙare, wanda jama'a suka fi so shi zai tafiyar da mulki. Amma tarihin zaɓe a ƙasashen duniya ya nuna akwai wasu abubuwa biyu da suka kai ƙuri'ar kanta nauyi, watau ƙa'idar da ake bi wajen mayar da ƙuri'a ta zama kujera, da yadda tsarin mulki ya raba iko tsakanin waɗanda aka zaɓa. Abin da ya auku a Jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981 ya isa misali.

Hanyoyi biyu na kafa gwamnati

A zamanin Jamhuriya ta Farko, Nijeriya ta bi tafarkin Ingila. Mai zaɓe yana zaɓen wakilin mazaɓarsa kaɗai, jam'iyyar da ta fi yawan kujeru ita ce ke fid da Firimiya da ministoci daga cikin 'yan majalisa. Da haka Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya riƙe Jihar Arewa daga Kaduna, domin NPC ce ke da rinjaye a Zauren Lugard. A irin wannan tsari ba a samun shugaban gwamnati wanda majalisa ba ta tare da shi, don ranar da ya rasa rinjaye, ranar gwamnatinsa ta faɗi.

Tsarin Mulkin 1979 kuwa ya koma tafarkin Amurka. Ana zaɓen gwamna daban, ana zaɓen majalisa daban, kowa da wa'adinsa na shekara huɗu. Saboda haka mazaunin Abakpa, unguwar da ke arewacin Kogin Kaduna, ba tazara mai yawa daga Zauren Lugard, sai da aka kira shi rumfar zaɓe har sau biyar a wannan shekara: 7 ga Yuli don Majalisar Dattawa, 14 ga wata don Majalisar Wakilai, 21 ga wata don Majalisar Dokokin Jiha, 28 ga wata don gwamna, sannan 11 ga Agusta don Shugaban Ƙasa. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. A wannan karon ne kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya.

Yadda aka kwana a Kaduna

A lokacin Jihar Kaduna ta haɗa har da ƙasar Katsina, wadda ba ta zama jiha ba sai 1987. Majalisar Dokoki tana da kujeru 99. NPN ta ci 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3. Bayan mako guda tak, sai Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN a zaɓen gwamna.

Ba wai jama'a sun sake zuciya ba ne cikin kwana bakwai. A zaɓen majalisa, duk wanda ya fi kowa ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci, ko da bai samu rabin ƙuri'un ba. Idan jam'iyyun hamayya huɗu suka tsai da mutum huɗu, sai su raba ƙuri'unsu, babbar jam'iyya ta wuce ta tsakaninsu. Wannan ita ce ƙa'idar Ingila, kuma ko'ina aka bi ta takan ba babbar jam'iyya kujeru fiye da rabonta na ƙuri'a. A zaɓen gwamna kuwa jiha duka mazaɓa ɗaya ce. Da 'yan hamayya suka ga sakamakon 21 ga wata, sai da yawansu suka tattara ƙarfinsu bayan ɗan takarar PRP. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ƙa'ida biyu, sakamako biyu, alhali masu zaɓen su ne dai na makon jiya.

Zaman doya da manja

Tsarin mulki ya ce gwamna ba zai naɗa kwamishina ba sai da amincewar majalisa, ba kuma zai kashe kuɗin jiha ba sai ta zartar da kasafi. Sau da dama Gwamna Balarabe Musa ya aika da sunayen waɗanda yake so, majalisa tana mayar masa da su. Har ya bar kujera bai samu majalisar kwamishinoni ba, sai nauyin ma'aikatu ya koma wuyan manyan sakatarori. Saɓanin kuwa ya wuce na mutum da mutum. Gwamnatin PRP, magajiyar NEPU, ta soke haraji da jangali kamar yadda ta yi a Kano, matakin da ya taɓa tushen ikon hakimai da dagatai, waɗanda da yawansu suka fi kusa da NPN.

Sashe na 170 ya ba majalisa ikon tsige gwamna da kashi biyu cikin uku na wakilanta, watau mutum 66, bayan binciken kwamitin mutum bakwai wanda Kakakin Majalisa ne ke zaɓo su. Ranar 23 ga Yuni 1981 aka tsige Balarabe Musa, ya zama gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi. Da aka je kotu, sai ta ce sashen ya hana ta sa baki.

Sauran ƙasashe

Irin wannan rabuwa ba baƙuwa ba ce a duniya. A Amurka an sha samun Shugaban Ƙasa daga jam'iyya ɗaya, rinjayen majalisa daga wata, akan daidaita ta hanyar ciniki da sassauci. A Faransa, cikin 1986, Shugaba Mitterrand ya naɗa abokin hamayyarsa Jacques Chirac Firayim Minista, suka zauna tare shekara biyu. A maƙwabciyar Nijeriya, Jamhuriyar Nijar, abin bai zo da sauƙi ba. Shugaba Mahamane Ousmane ya rasa rinjaye a zaɓen majalisa na Janairu 1995, dole ya karɓi Hama Amadou a matsayin Firayim Minista. Gardamarsu ta tsai da aikin gwamnati, har soja suka yi juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996 a ƙarƙashin Ibrahim Bare Mainasara. Tsarin da ya raba iko yana bukatar 'yan siyasa masu iya zama da wanda ba su so. In babu su, takarda ba ta iya riƙe shi.

Gyaran da ya biyo baya

Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki darasi. Sashe na 188 ya ɗauke naɗin kwamitin bincike daga hannun Kakaki ya ba Babban Alƙalin Jiha. A shari'ar Gwamna Rashidi Ladoja na Jihar Oyo, wanda aka tsige cikin 2006, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa kotu tana da ikon duba ko an bi matakan da doka ta shimfiɗa, aka kuma mayar da shi kujerarsa.

Saura abin da doka ba ta iya gyarawa, watau hankalin mai zaɓe. Idon jama'a yakan tsaya kan gwamna da Shugaban Ƙasa, a bar zaɓen ɗan majalisa kamar cikon benci. Alhali kuwa albashin ma'aikaci, da kuɗin makaranta, da hanyar unguwa irin ta Abakpa, duk sai sun bi ta hannun wannan wakili kafin su tabbata. A Kaduna, ƙuri'ar 21 ga Yuli ce ta yanke wa ta 28 ga Yuli hukunci.