Mota Ce Ko Direba? Darasi Daga Tseren Da Ya Ratsa Injamena

Duk wanda ya saba zama a majalisun shayi na tashoshin mota a nan Injamena ya san irin gardamar da ake tafkawa a kan direbobi. Wani ya ce direba wane ne gwani domin ya riga kowa shiga Abeche, wani kuma ya ce ai mota ce sabuwa, ko yaron mota aka ba shi zai yi hakan. Wannan gardama ce ta sa muka waiwayi tarihin tseren motoci na Paris-Dakar, wanda ya taɓa ratsa wannan birni namu, ko za mu samu ma'aunin da zai raba gardama.

A gasar 1992 an sauya wa tseren hanya. Maimakon ya ƙare a Dakar, sai ya bi ta Libiya da Nijar, ya shigo Chadi ta Injamena da Sarh, ya zarce har birnin Kef na Afirka ta Kudu. Bafaranshe Hubert Auriol ne ya zo na ɗaya. Amma abin lura shi ne, na biyu, Erwin Weber na Jamus, da na uku, Kenjiro Shinozuka na Japan, duk Mitsubishi Pajero suka tuƙa kamar shi. Mutum uku daga ƙasashe uku, mota iri ɗaya. A nan babu shakka motar ta fi sauran motocin gasar a wannan shekara.

To ke nan Auriol ba shi da wata bajinta? Yana da ita, kuma ga yadda ake gane ta. Na farko, ya doke mutum biyu masu mota irin tasa, kuma masana tsere sun daɗe suna cewa babu ma'aunin da ya kai a gwada direba da abokin aikinsa na kamfani ɗaya. Na biyu, kafin ya hau mota ya ci wannan gasa sau biyu a kan babur ƙirar BMW, a 1981 da 1983. A 1987 ya karya idon sawunsa biyu ana dab da kammala tsere, daga nan ya koma mota. Shi ne mutum na farko da ya ci gasar a babur da kuma mota.

Haka shi ma Stéphane Peterhansel, wanda ya ci ɓangaren babura a wannan tsere na 1992. Ya ɗauki kofin sau 14, shida a babur ƙirar Yamaha, takwas a motocin Mitsubishi da Mini da Peugeot. Idan inji ya sauya, kamfani ya sauya, amma nasara ta ci gaba da bin mutum ɗaya, to hannun ne.

Sai dai ko kofin ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. A gasar 1989, direbobin Peugeot biyu, Ari Vatanen da Jacky Ickx, sun yi wa kowa nisa. Shugaban tawagar, Jean Todt, ya ji tsoron kada su lalata motocin garin neman wuce juna, sai ya jefa kwabo sama a garin Gao na Mali domin a fitar da wanda zai ci. Kwabon ya faɗa wa Vatanen, shi kuma ya ɗauki kofi. Wanda ya dubi sakamako kawai ba zai san haka aka yi ba.

Tseren dai ya bar Afirka tun bayan da aka soke na 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. Amma darasinsa yana nan a tashoshinmu. Mai mota da ke neman direba, da fasinjan da zai miƙa ransa a hanyar Faya ko ta Abeche, sukan ruɗu da wanda ya fi saurin isa. Saurin isa kuwa sau da yawa aikin inji ne da sababbin tayoyi. Abin tambaya shi ne, yaya ya yi lokacin da yake jan tsohuwar mota? Sau nawa ya kafe a yashi inda abokansa masu irin motarsa suka wuce? Motar da aka ba shi bara, tana kan hanya ko tana gareji? Hausawa dai sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Muna kira ga masu motoci da shugabannin tasha da su riƙa yin waɗannan tambayoyi kafin su miƙa makulli. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.