Shuɗin layi da idon kyamara: hukuncin satar gida a hokin ƙanƙara

A hokin ƙanƙara, satar gida ba ruwanta da inda ɗan baya na ƙarshe yake tsaye, saɓanin abin da aka saba a ƙwallon ƙafa. Shuɗɗan layuka biyu ne suka raba filin gida uku, kowane layi faɗinsa inci 12. Doka ta ce faifan robar da ake bugawa shi zai fara tsallake layin abokan hamayya kafin ƙafafun mai kai hari biyu su wuce shi. Shi ya sa za ka ga ɗan gaba ya taho a guje, da ya iso layin sai ya miƙe ƙafa ɗaya baya yana jan ta, yana jiran abokinsa ya shigo da faifan. Tun 2005 kuma gasar NHL ta Amurka da Kanada ta dawo da wani sassauci: waɗanda suka riga faifan shiga za su iya komawa su taɓa layin, sannan su sake shigowa ba tare da an busa usur ba.

Shekaru da yawa idon alƙalin layi ne ke yanke hukunci. A Fabrairun 2013 Matt Duchene na Colorado ya ci Nashville bayan ya riga faifan shiga da tazarar da kowa ya gani, ban da alƙalin. Abin ya tsaya wa masu gasar a rai, kuma a kakar 2015-16 aka bai wa koci damar neman a duba bidiyo idan an ci shi.

Abin da ya biyo baya ba shi aka nufa ba. An kawo bidiyo don kama kuskure irin na Duchene, sai ya koma awon tsinin takalmi. Kowace ƙungiya tana da mai zama gaban allo yana bin duk shigar da aka yi, yana sanar da benci nan take. A wasan farko na zagayen ƙarshe na Kofin Stanley a 2017, an soke cin P.K. Subban na Nashville a ragar Pittsburgh saboda an ce ƙafar Filip Forsberg ta ɗaga daga ƙanƙara lokacin shiga. Na 2019 ya fi ciwo. A wasa na bakwai na wani zagayen Kofin Stanley tsakanin Colorado da San Jose, an soke cin Colin Wilson na Colorado saboda satar gidan abokin wasansa Gabriel Landeskog, wanda ke bakin benci zai fita kuma ba ya cikin harin ko kaɗan. San Jose ta yi nasara da 3-2.

Masu gasar sun yi gyare-gyare. Daga 2017, kocin da ya nemi dubawa bai yi daidai ba, ƙungiyarsa za ta yi minti biyu da ragin mutum ɗaya, wanda ya rage neman dubawa don gwada sa'a. Daga 2021 kuma ba dole ƙafa ta taɓa ƙanƙara ba, muddin tana saman layin ko da a iska ne.

Duk da haka, tushen matsalar na nan. Muddin faifan bai fita daga yankin ba, ana iya komawa baya a soke ci saboda shigar da aka yi tuntuni, ko da masu tsaron gida sun samu damar kore faifan sun kasa. Dokar satar gida an yi ta ne don hana ɗan wasa laɓewa kusa da raga yana jiran a miƙo masa, kuma ɗan yatsa guda na tazara ba ya ba kowa wannan fifikon. Abin da ake asara kuwa babba ne: 'yan gaba na taka birki a bakin layi, 'yan kallo na riƙe murnarsu sai an gama kallon allo.

A ganina bai kamata a janye bidiyon ba, domin ba wanda ke son a maimaita 2013. Abin da ya dace shi ne a sa masa iyaka: da zarar masu tsaron gida sun mallaki faifan bayan shigar, damar ƙorafi kan satar gida ta wuce.