Fiffiken Rataye: Yadda Sabon Shiga Ke Koyon Shawagi Ya Sauko Lafiya

Fiffiken rataye yana cikin mafi sauƙin ƙira a abubuwan da ɗan Adam ke tashi sama da su. Ba shi da inji, ba shi da kujera. Yadi ne mai ƙarfi da aka ɗame a kan bututun alminiyom da wayoyin ƙarfe. Faɗinsa daga wannan baki zuwa wancan kimanin mita 10 ne, nauyinsa kuwa tsakanin kilo 20 da 35. Matuƙin yana rataye a ƙarƙashinsa, kwance rub da ciki a cikin wata rigar ɗauri, hannayensa biyu riƙe da sandar ƙarfe mai siffar alwatika. Da nauyin jikinsa kaɗai yake tuƙi. In ya karkata dama fiffiken ya bi dama. In ya jawo sandar zuwa cikinsa hancin fiffiken ya sunkuya, gudu ya ƙaru. In ya tura ta gaba hancin ya ɗaga, gudu ya ragu.

Abin da ke ɗauke da shi iska ce mai gudana a samansa da ƙasansa. Muddin tana wucewa da isasshen gudu, fiffiken yana ɗaukar kansa da mai shi. Idan gudun ya faɗi ƙasa da kimanin kilomita 25 zuwa 30 a awa, iskar sai ta saki bayan yadin, ɗaukar ta ɓace, hancin ya kife. A can sama wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, domin fiffiken zai gangaro ya sake samun gudu. A tsayin bishiyar giginya kuwa babu sararin farfaɗowa, kuma a nan ne mafi yawan raunuka ke samun masu koyo.

Tarihin wannan fanni ya daɗe yana koyar da hakan. Al-Maƙƙari, marubucin tarihin Andalus, ya ruwaito cewa Abbas ibn Firnas na Ƙurɗuba, wanda ya rayu a ƙarni na 9, ya ɗaura fukafukai ya yi shawagi na ɗan lokaci, amma ya ji rauni a baya wajen sauka. Otto Lilienthal na Jamus ya yi tashi kusan 2,000 daga kan tuddai tsakanin 1891 da 1896, yana auna komai yana rubutawa, har ranar 9 ga Agusta 1896 da fiffikensa ya rasa gudu ya faɗo daga tsayin kimanin mita 15. Washegari ya rasu. Siffar da aka sani yau ta samo asali ne daga fiffike mai lanƙwasa da injiniya Francis Rogallo da matarsa Gertrude suka ƙirƙiro a Amurka a 1948, sannan John Dickenson na Ostireliya ya haɗa shi da sandar alwatika a 1963. A shekarun 1970 wasan ya bazu, mutane suna ƙera nasu a gida suna koya wa kansu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Daga wannan asara ne aka kafa ƙungiyoyi, aka shimfiɗa matakan horo, aka fara gwada samfuran fiffike kafin su shiga kasuwa. Duk ƙa'idar da malami ke nanatawa a yau, akwai wanda ya biya kuɗinta da ƙashinsa.

Don haka sharaɗin farko shi ne malami mai takardar shaida. Littafi da bidiyon intanet suna taimakawa wajen fahimtar dalilai, amma ba za su tsaya a gefen tudu su ce wa ɗalibi "dakata, iskar ta juya" ba. Ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka ta raba ƙwarewa zuwa matakai biyar, kuma ta shawarci ɗan matakin farko kada ya tashi a iskar da ta haura kimanin kilomita 20 a awa, kada kuma ya wuce tsayin mita 30. Makarantu da yawa suna fara wa ɗalibi da tashin mutum biyu, shi da malami a fiffike ɗaya, domin jikinsa ya ɗanɗana yadda sanda ke amsawa kafin a bar shi shi kaɗai.

Darasin farko a ƙasa ake yinsa, kuma ya fi kama da aikin ƙarfi fiye da shawagi. Ɗalibi zai koyi haɗa fiffike da warware shi, ya zagaya shi yana taɓa kowace waya, kowane ƙusa, kowane ɗinki. Sai ya saɓa shi a kafaɗa a fili mai laushi, ya fuskanci iska, ya fara tafiya, ya koma sassarfa, sannan gudu. A nan yake gane cewa in ya ɗaga hancin da yawa fiffiken zai turje ya ƙi tafiya, in ya sunkuyar da shi da yawa zai soki ƙasa. Bayan haka a hau ɗan tudu mai gangara a hankali, inda ƙafa za ta bar ƙasa da mita ɗaya ko biyu na daƙiƙu kaɗan. Tuddan rairayi sun fi dacewa da wannan mataki, shi ya sa tudun Jockey's Ridge a Karolina ta Arewa, kusa da Kitty Hawk inda 'yan'uwan nan Wright suka yi gwaje-gwajensu kafin tashinsu na 1903, ya zama sanannen wurin koyo. Kurakuran sabon shiga sanannu ne: yana kallon ƙafafunsa maimakon inda zai je, yana damƙe sanda da ƙarfi har ya kasa jin abin da fiffiken ke gaya masa, ko ya yi tsalle ya faɗa cikin rigar tun fiffiken bai ɗauke shi ba. Ana so ya ci gaba da gudu har ƙafafunsa su riƙa taka iska.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi kowane muni, kuma ba ya barin ƙwararru: mantawa da maƙala ƙugiyar da ke haɗa rigar matuƙi da fiffike. Mutum zai ruga ya bar bakin dutse, sai ya tarar hannayensa kaɗai ke riƙe da shi. A 2018 wani ɗan yawon buɗe ido Ba'amurke a Suwizalan ya yi fiye da minti biyu yana lilo da hannu bayan matuƙin da ya ɗauke shi ya manta bai maƙala shi ba. Ya tsira da karaya a wuyan hannu, wasu da irin haka ta faɗa wa ba su tsira ba. Maganinsa abu ne mai sauƙi da ake yi kafin kowane tashi ba tare da togiya ba: wani ya riƙe hancin fiffiken, matuƙi ya kwanta ya saki nauyinsa duka a kan igiyar, ya juya ya ga ƙugiyar a kulle da idonsa. In wani abu ya sa ya kwance ta, ko da na minti ɗaya ne, sai a sake gwajin daga farko.

Sauran kayan tsaro ba su da yawa. Hular kwano dole ce tun ranar farko. Ana sa ƙananan tayoyi a ƙasan sanda don fiffiken ya gangara idan saukar ba ta yi kyau ba. Da zarar an fara hawa sama sosai sai a ƙara lemar gaggawa, wadda ake warwarewa a sake naɗewa a kai a kai, da rediyon da malami zai yi magana ta ciki. Fiffiken da ya dace da mai koyo shi ne mai tafiya a hankali da yafe kuskure, wanda ke cin kimanin mita 8 zuwa 10 a gaba duk mita ɗaya da ya sauka, kuma girmansa ya dace da nauyin mai shi. Hasken rana yana cin yadin a hankali, don haka tsohon fiffike mai araha da ba a san tarihinsa ba abin gudu ne.

Babban ilimin, wanda ke ɗaukar shekaru, shi ne karatun iska. Iska tana gudana ne kamar ruwan gulbi, kuma duk masuncin da ya saba da gulbin Matan Fada na Argungu ya san cewa bayan kowane dutse ko kututture akwai inda ruwa ke juyawa ya ja abu ƙasa. Haka take a bayan tudu, bayan jerin bishiyoyi da bayan gini. Shi ya sa ake tashi ana sauka ana fuskantar iska, a gefen da take bugowa, nesa da duk abin da ke tare ta. Akan kafa sanda da ƙyalle a wurin tashi da wurin sauka, ɗalibi ya zauna ya daɗe yana kallonsa kafin ya taɓa fiffike. Kusa da ƙasa kuma iska tana raguwa saboda gogayya da ciyawa da itatuwa, don haka mai saukowa yana ƙara gudu ne, ba ya ragewa, sai ƙafarsa ta kusa taɓa ƙasa sannan ya tura sandar gaba gaba ɗaya, fiffiken ya tsaya cik ya dire shi a tsaye.

Mutanen Gulma da sauran garuruwan kwarin Rima suna ganin ɗayan ɓangaren wannan ilimi kullum a saman kawunansu. Da hantsi, in rana ta gasa jan tudu da gonakin da aka girbe, iskar da ke kansu takan yi zafi ta tashi sama a dunƙule, alhali iskar fadama mai danshi tana nan da sanyinta. Shirwa takan shiga wannan iska mai hawa ta baje fukafukai tana kewayawa, tana ƙara nisa ba tare da ta kaɗa su ba. Abin da ƙwararren matuƙi ke yi ke nan: fiffikensa yana sauka kimanin mita ɗaya a daƙiƙa, to in ya samu iskar da ke hawa mita uku, sai ya riƙa hawa mita biyu. Da wannan dabara Dustin Martin ya yi tafiyar kilomita 764 daga Zapata ta jihar Teksas a Yulin 2012. Amma iskar da ke ɗaga ƙwararre ita ce ke kayar da ɗalibi. Guguwar da ke murɗa ƙura da karan dawa a tsakar ranar bazara, irin wannan iska ce a mafi tsananin halinta, kuma tana iya kifar da fiffike ko yana ajiye a ƙasa. Lokacin mai koyo sanyin safiya ne da kuma yamma liƙis.

Kowane yanayi na wannan yanki da irin haɗarinsa. A hunturu iskar arewa maso gabas takan zo da ƙarfi da hazo, har manyan jirage kan fasa sauka saboda rashin gani. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, iska ta yi sakayau, sai fiffike ya buƙaci gudu mai tsawo kafin ya ɗauka, ga ƙishirwa da ke rage wa mutum kaifin tunani. Farkon damina ya fi duka tsanani. Hadarin da ke haɗuwa daga gabas yana turo iska mai ƙarfi a gabansa tun kafin ɗigon farko, kuma gajimaren da ke tsiri sama yana zuƙar duk abin da ke ƙarƙashinsa. A Fabrairun 2007 irin wannan hadari ya zuƙe Ewa Wisnierska, ƙwararriyar mai shawagi da lema, kusa da Manilla a Ostireliya, ya kai ta tsayin mita 9,946 a sume. Ta rayu, amma wani matuƙi ɗan ƙasar Sin da hadarin ya kama a ranar ya rasu. Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, yana da amfani, sai dai in gabas ta yi baƙi, naɗe kaya kawai ya rage.

Ƙasar Argungu da Birnin Kebbi shimfiɗaɗɗiya ce, ba irin tsaunukan Kwahu na Gana ba, inda tun 2005 ake bikin shawagi da lema a lokacin Ista. A ƙasa irin wannan da igiya ake tayar da fiffike, ko dai da injin naɗi, ko da mota mai na'ura ta musamman, ko da ƙaramin jirgi mai inji. Zapata ɗin ma fili ce. Wannan hanya tana da nata horon daban. Dole jan ya kasance na'ura ce ke daidaita ƙarfinsa, a sa wani siririn zare a tsakani wanda zai tsinke in jan ya wuce kima, matuƙi kuma ya sami abin da zai saki igiyar da hannu ɗaya. Fiffiken da ya kauce gefe yana kan ja yakan ƙi dawowa, ya yi ta karkata har ya soki ƙasa. Ɗaura igiya kai tsaye a bayan mota ko babur, ba tare da waɗannan kariya ba, ya kashe mutane a ƙasashe da dama, kuma matashin da ya ga bidiyo ya ji sha'awa ya kamata a gaya masa haka ƙarara.

Wurin sauka kafin a tashi ake zaɓensa, a taka shi da ƙafa. Wayar lantarki ba ta ganuwa daga sama, turakunta ake nema. Fadamar shinkafa da ruwa ya malale a Agusta da Satumba tana da kyan gani kamar fili, amma wanda ya faɗa ruwa ɗaure cikin riga, yadi ya rufe shi, zai iya nutsewa a ruwan da bai kai ƙirjinsa ba. Saboda haka masu tashi kusa da ruwa suke ɗaukar wuƙar yanke igiya. Gona kuma tana da mai ita, sai da izininsa da sanin mai gari. Sararin sama ma yana da masu kula da shi: a Nijeriya hukumar NCAA ce ke tsara dokokin tashi, kuma kewayen filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ba wurin da za a shiga ba ne sai da sahalewar masu kula da zirga-zirgar jirage.

Haɗarin ba ya ƙarewa da samun takarda. Malamai sun fi jin tsoron matakin tsakiya, lokacin da ɗalibi ya yi tashi da yawa lafiya, tsoro ya sake shi, amma bai taɓa haɗuwa da mummunar iska ba. A lokacin ne yake son sayen fiffike mai gudu, ko tashi da tsakar rana don abokai sun zo kallo. Tsarin da makarantu ke bi shi ne a sauya abu ɗaya kawai a lokaci ɗaya: sabon wuri da tsohon fiffike, ko sabon fiffike a wurin da aka saba, a iskar da aka saba. Ana rubuta kowane tashi a littafi, da yanayin iskar ranar da abin da ya faru, malami ya duba ya sa hannu kafin ɗalibi ya wuce mataki na gaba.