Dolley Madison da Bawan da Ta Sayar

Duk matar shugaban Amurka da ta buɗe ƙofar fadar White House ga baƙi, sawun Dolley Madison take bi. An haife ta a 1768 a yankin North Carolina. Annobar zazzaɓin shawara ta 1793 ta ɗauke mijinta na fari, John Todd, da jaririnsu a Filadelfiya. Da shekara ta zagayo ta auri James Madison, wanda ya girme ta da shekara 17, ya kuma hau mulki a 1809.

Madison mutum ne mai kunya, marar yawan magana. Ita kuwa akwai faran-faran da jama'a. Duk daren Laraba takan tara 'yan jam'iyyar mijinta da 'yan adawa a falo ɗaya, a ci a sha, waɗanda ba sa ga-maciji a majalisa su gaisa. Wannan ma siyasa ce, kuma ta iya ta.

Ranar 24 ga Agusta, 1814, sojojin Birtaniya suka doshi Washington. Kafin ta fice, ta ba da umarnin a tsira da babban hoton George Washington. Da dare aka banka wa fadar wuta. Wannan labarin ne ya ɗaukaka sunanta. Amma Paul Jennings, bawan gidan mai shekara 15 a lokacin, ya rubuta a littafinsa na 1865 cewa mai gadin ƙofa da mai kula da lambu ne suka sauke hoton.

Bayan rasuwar Madison a 1836, bashin cacar ɗanta Payne Todd ya cinye dukiyar. Ta sayar da gonar Montpelier a 1844, sannan a 1846 ta sayar da Jennings a kan dala 200, mutumin da ya yi wa mijinta hidima har ranar da ya cika. Talauci bai wanke ta daga wannan ba. Sanata Daniel Webster ne ya fanshe shi, Jennings kuma ya biya shi kuɗin da aikin ƙarfinsa.

Daga baya Jennings ya sami Dolley cikin ƙunci. Webster kan aike shi da kwandon abinci gidanta, shi ma yakan ciro ɗan abin da ke aljihunsa ya ba ta. Ta rasu a 1849 tana da shekara 81, manyan ƙasar suka halarci jana'izarta. Zuriyar Jennings kuwa sai a 2009 aka karɓe su a fadar domin tunawa da kakansu.